Yadda ake tsara makon ikkilisiya a Yamai, daga Litinin har a rufe ƙofa ran Lahadi

Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A majami'a kuwa, Lahadin da za ta yi kyau tun Litinin ake ɗaura mata ɗamara. In ka ga sujada ta tafi salin-alin, waƙa ta shigo a kan lokacinta, tafinta bai yi tuntuɓe ba, an tashi kafin rana ta take, to kowane aiki akwai wanda aka ɗora wa da sunansa, ya kuma san ranar da zai gama shi. Wannan jagora ta dattawan ikkilisiya ce, da magatakarda, da shugabannin zumunta, musamman a ikkilisiyoyin bishara na unguwanni irin su Bukoki, Talaje, Lazare da Harobanda, masu tara mutum 100 zuwa 200. Ƴan Katolika suna da nasu tsarin ibada a rubuce, amma batun kuɗi da wuta da maƙwabta ya shafi kowa.

Zaman farkon mako

Ran Litinin ko Talata da marece a zauna na minti 45: fasto, mai jagorantar sujada na wannan mako, shugaban mawaƙa, magatakarda, mutum guda daga Zumuntar Mata, guda daga matasa. Kada a wuce haka, domin taro in ya yi yawa hira yake komawa. A fara da waiwaye. Ƙarfe nawa aka fara jiya, ƙarfe nawa aka tashi, mutum nawa suka zo, wa aka rasa gani mako biyu a jere? Sannan a cika takardar mako mai zuwa: mai wa'azi, mai karatu, tafinta, masu tarbar baƙi, malaman yara, masu ƙirga baiko (kuɗin da jama'a ke bayarwa a sujada), mai kula da wuta. A gaban kowane suna a rubuta na biyu wanda zai tsaya in na farko ya yi tafiya ko zazzaɓi ya kayar da shi, abin da ba ya wuya a watan Agusta da Satumba.

Kalmar da ta fi kashe aikin ikkilisiya ita ce "wani zai yi". A yi jadawali na wata uku, a manna shi a bango, amma kada a dogara da shi kaɗai. Ran Alhamis magatakarda ya kira kowa a waya. Saƙon WhatsApp bai isa ba, tsofaffi da yawa ba sa duba shi, wasu kuma sai ƙarshen wata suke sa kuɗin intanet.

Mai wa'azi ya ba da nassinsa da kan maganarsa kafin Laraba ta wuce. Mutum uku ke jiran wannan: shugaban mawaƙa don ya zaɓi waƙoƙin da suka dace, mai karatu don ya bita da babbar murya a gida, sai tafinta.

Batun harshe

Nan ne aikin Yamai ya bambanta da na ƙauye. Aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ya fara a Damagaram a 1924, ya bazu zuwa yankin Maraɗi da Tawa, inda aka buɗe asibitin Galmi a 1950. Daga cikinsa EERN, wato Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta fito, shi ya sa Hausa ta zama harshen sujada ga iyalai da yawa da aiki ko karatu ya kawo su babban birni. Amma a benci guda za ka tarar da Bazabarme, da mutumin Gurma, da ɗan Benin ko Togo wanda Faransanci kaɗai ya haɗa ku, ga kuma yaran da aka haifa a Yamai waɗanda lakwal ta sa kunnensu ya fi kama Faransanci. Dole dattawa su yanke shawara su tsaya a kai: ko sujada guda mai tafinta, ko sujada biyu, ta Faransanci da sassafe, ta Hausa bayanta. Sujada biyu tana da sauƙin tafiyarwa, sai dai a hankali takan raba ikkilisiya gida biyu, ƴan boko a can, saura a nan. In an zaɓe ta, a riƙa haɗuwa Lahadi guda a wata, ranar Jibin Ubangiji, wato cin burodi da shan kofi don tunawa da mutuwar Almasihu, ta fi dacewa.

In da tafinta za a yi, lissafin a fili yake: wa'azin minti 25 zai ci minti 50. Mai wa'azi ya shirya rabin abin da ya saba. Ya riƙa faɗin magana guda cikakkiya ya tsaya, kada ya yanke ta a tsaka, domin ginin jimlar Hausa da ta Faransanci ba ɗaya ba ne, tafinta ba zai iya fara abin da bai ji ƙarshensa ba. Karin magana da barkwanci a gaya masa su tun kafin ranar. Shi kuma tafinta ba mai wa'azi na biyu ba ne. Wanda Baba Fasto zai faɗi kalma goma shi ya mayar da talatin, har da nasa misali, a ja shi gefe a yi masa magana cikin ladabi.

Ayoyi kuwa kada a fassara su da ka. Tafinta ya buɗe nasa Littafi Mai Tsarki ya karanta, ya sa takarda a kowane wuri tun daren Asabar. Akwai tarko biyu a nan. Na farko, fassarar Hausa ta 1932 da ta 1979 lafazinsu ya sha bamban, ga kuma sababbi a cikin wayoyi, don haka mai karatu da mai wa'azi su riƙe iri guda, musamman in wa'azin ya rataya a kan kalma guda. Na biyu, a bugu da yawa na Faransanci ana ƙirga bayanin da ke saman Zabura a cikin ayoyi. Abin da yake Zabura 51:10 a Hausa sai ka same shi a aya ta 12 a Faransanci. In ba a duba ba, rabin majami'a na karanta wani abu, rabi na karanta wani.

Tarko na uku na kuɗi ne, kuma ya sha haddasa gunaguni. Da Hausa da Zabarmanci da dala ake ƙirga, dala guda tamma 5. In mai sanarwa ya ce kowane gida ya kawo "ɗari biyar", Bahaushe ya ji tamma 2,500, tafinta kuwa in ya juya lambar yadda take, mai jin Faransanci ya ji tamma 500. Duk sanarwar da ta ƙunshi kuɗi a rubuta ta da lambobi a tamma, a ba mai sanarwa da tafinta kowa kofi guda, in ana iya faɗa da jika a faɗa da jika, ita ba ta da ruɗani.

Tsakiyar mako

Taron addu'a da nazarin Littafi ran Laraba, Zumuntar Mata wata rana da la'asar, matasa da mawaƙa ran Asabar. Wannan shi ne abin da aka saba, kowace ikkilisiya da nata sauyi. Abin lura shi ne nisa. Wanda ke Saga ko ƙetaren Gadar Kennedy ba zai biya taksi sau uku a mako ba. Maganin shi ne a raba ikkilisiya ƙungiyoyin gida bisa unguwa, gida 6 zuwa 10 kowace, da dattijo ko wata uwa mai hankali a kanta, su haɗu awa guda a tsakar gidan wani. Mai masauki kada a ɗora masa girki, ruwan sha ya isa. Da zarar an fara gasar abinci, marasa hali za su daina karɓar taro a gidajensu, daga nan su daina zuwa.

Waɗannan shugabannin unguwa su ne idon fasto. Su ke fara jin wanda aka kwantar a asibiti, da wadda ta haihu, da wanda aka yi wa rasuwa a garinsu, da wanda ruwa ya ci ɗakinsa, kamar yadda ya faru da unguwannin bakin kogi a ambaliyar 2020. Ziyarar mara lafiya mutum biyu ko uku ne, minti 15, addu'a a taƙaice da murya ƙasa-ƙasa, don a ɗakin asibiti ba shi kaɗai ba ne. Namiji kada ya je gidan mace shi kaɗai, ko fasto ne, ya tafi da Mama Fasto ko wata dattijuwa.

Asabar: ɗaki, wuta, ruwa

Shara da goge benci da marece, a lokacin hunturu kuma a sake gogewa da safe don ƙura ta kwana a kai. Benci mai tsawon mita biyu da rabi manya 5 yake ɗauka, wato manya 100 benci 20, a ƙara 4 na baƙi. A bar hanya a tsakiya wadda mutum biyu za su gifta, kada a toshe kowace ƙofa da kujera ko ganga.

Ruwan sha a bazara a lissafa rabin lita kowane kai. Mutum 150 lita 75 ke nan, jarka uku ta lita 25. A cika randuna tun dare su yi sanyi, a ware moɗar ɗiba dabam da kofunan sha.

Wuta kuwa a ɗauka za a ɗauke ta, musamman daga Maris zuwa Yuni. A yi lissafi: fanka 8 kowace tana cin kamar wat 70, wat 560 ke nan, na'urar ƙara sauti kamar 300, molo mai lantarki da fitilu kamar 100. Duka ba su kai wat 1,000 ba, don haka ƙaramin gurup mai kVA 2 ya wadatar, yana shan kusan litar esansi guda a awa. A ajiye lita 5, a duba man injin, a tayar da shi na minti biyar ran Asabar. Injin da ya yi wata biyu ba a taɓa shi ba yakan ƙi tashi ne daidai lokacin da mai wa'azi ya hau bagade. A ajiye shi waje, nesa da tagogi, hayaƙinsa yana kisa in ya taru a ɗaki, kuma kada a zuba masa esansi yana da zafi. Mai gyaran lantarki ya sa maɓallin da ke raba layin gurup da na gari, domin in kuran ya dawo ya tarar da su a haɗe, kayan sauti ne za su fara ƙonewa.

Na'urar ƙara sauti ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa, in ba haka ba ƙarar kunnawa takan fasa lasifika. Kukan nan mai huda kunne yana zuwa ne in makirufo ya fuskanci lasifika, ko yana gabanta. A sa lasifikoki gaba da masu magana, suna kallon jama'a. Ɗakin kwano da siminti yana mayar da amo, don haka ƙara murya ba ya sa a ji, rage ta ke sa a ji. Pil na makirufo a sa sabo, a ajiye wani a aljihun mai kula.

In akwai Jibin Ubangiji, wanda ikkilisiyoyi da yawa ke yi sau guda a wata, a ƙirga masu ci daga littafin ƴan ikkilisiya, ba daga yawan taro ba. Ƙaramin kofi mililita 15 yake ɗauka, lita guda tana cika kamar 65, mutum 80 lita guda da rabi ta ishe su har da rara. Wasu na amfani da ruwan inabi na kwali, wasu da zoɓo, a bi abin da ɗarikar ta yarda da shi. Zoɓo a dafa shi daren Asabar a sa a firiji, zafi na saurin juya shi. Burodi dogo guda biyu ya isa, a yanka kamar kan yatsa da safiyar Lahadi a rufe da farin ƙyalle. Wanda aka yanka tun dare a hunturu sai ya wayi gari kamar tsakuwa. A ware kofuna kaɗan na marasa lafiya da za a kai wa gida.

Ranar Lahadi

A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka, don haka a fara ƙarfe 8 a bazara, 8 da rabi a lokacin sanyi. Masu hidima su iso da minti 45 kafin nan, su yi addu'a tare. A fara a kan lokaci ko mutum goma ne a ɗaki. Ikkilisiyar da ke jiran a cika tana koya wa masu zuwa da wuri cewa su ne suka yi kuskure.

Ga rabon da ke tafiya daidai. Addu'ar buɗewa da waƙoƙin taro minti 20, karatun Zabura 5, waƙar ƙungiyoyi 15, wato mawaƙa, mata, matasa, kowa waƙa guda. Marabtar baƙi da sanarwa 10, addu'ar roƙo 10, baiko 10, karatu da wa'azi tare da tafinta 50, waƙar rufewa da sa albarka 10. Awa biyu da minti goma ke nan, ranar Jibi a ƙara 25.

Wurin da lokaci ke zubewa sananne ne. Ƙungiya ta ce waƙa guda, sai ta shigo da waƙa, ta yi ta tsakiya, ta fita da wata. A faɗa musu tun Asabar cewa ta shiga da ta fita duk cikin minti biyar ɗin suke. Sai sanarwa. Duk wadda ba ta iso hannun magatakarda a rubuce ba kafin a fara, ta jira mako mai zuwa, in ba rasuwa ba. Mutum guda ke karantawa, ba a miƙa makirufo ga mai biki ya yi bayani da kansa. Mai jagora kuma kada ya yi ƙaramin wa'azi tsakanin kowace waƙa. In duk wannan ya ci lokaci, mai wa'azi yakan hau ne ƙarfe goma da rabi, yara na kuka, tsofaffi na gyangyaɗi, abin da aka zo dominsa shi ne ya tashi a tutar babu.

Baƙo a tarbe shi a ƙofa, a tambayi harshen da ya fi ji, a zaunar da shi kusa da mai jin wannan harshe. Kada a tilasta wa kowa tashi ya faɗi sunansa, kada kuma a ɗauki hoton taro a watsa a Facebook ba da izini ba. Akwai masu zuwa da danginsu ba su sani ba, hoto guda na iya raba mutum da gidansu. Kuma a tuna da gargaɗin Yaƙub sura 2 game da ba mai kyawawan tufafi wurin zama na gaba, ana ture matalauci baya.

Yara su zauna da iyaye har a gama waƙoƙi, sannan su fita makarantar Lahadi. A raba su aƙalla gida biyu, ƴan ƙasa da shekara 7 da na sama, malami guda ga yara 15, kuma kullum manya biyu a wurin. A sa su a inuwa inda ake ganinsu daga ƙofa, a rubuta sunayensu, kada ƙarami ya fita titi sai wanda ya kawo shi ya zo.

Ƙirgar baiko

Bulus da kansa, a 2 Korintiyawa 8, ya sa wasu ƴan'uwa su raka gudummawar da aka tara don kada a sami abin zargi. In manzo bai riƙe kuɗi shi kaɗai ba, ma'aji ma kada ya riƙe. Ba rashin yarda ba ne, kare masa mutunci ne. Mutum uku ke ƙirga, waɗanda ba gida guda suka fito ba, ana sauya su kowane wata. Da an sa albarka su shiga ɗaki da kwandunan. Kada a cire ko dala kafin a ƙirga. "Ɗauko jika biyu a kwando a ba mai esansi" ita ce ɓarakar farko, daga ita lissafi ba ya sake daidaita. A ware baiko, zakka, kuɗin gini da na taimako, kowanne da layinsa a kaye, a rubuta jimla da lambobi da kuma haruffa, su ukun su sa hannu. Litinin a kai banki, fitar da kuɗi kuma sai da sa hannun biyu cikin uku. In ana karɓa ta waya, kada lambar ta zama ta aljihun wani, kuma a shigar da shi kaye ranar da ya zo. Kowane wata uku a karanta wa ikkilisiya abin da ya shigo da abin da ya fita, da harsunan biyu.

Asusun taimako yana buƙatar ido na musamman. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunagunin farko a ikkilisiya ya taso ne don ana manta gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabo, har aka zaɓi mutum bakwai su kula. Haka yake faruwa a Yamai in masu rabon duk ƴan yanki guda ne. A sa kowane harshe a cikin kwamitin, a sa mata, a rubuta wanda aka ba, amma ba a karanta sunansa a taro.

Ƙofa da maƙwabta

Tun abin da ya faru ran 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, ba a barin ƙofa ba mai tsaro. Matasa biyu a waje, suna karɓa-karɓa don su ma su ji wa'azi, suna jera babura gefe guda ba tare da tare ƙofar maƙwabci ba. Lambar kwamisariya mafi kusa ta kasance a wayar mutum uku. Takardun rajistar ɗarika a Ma'aikatar Cikin Gida da na fili a ajiye kofinsu a majami'a, na asali a wani wuri dabam, tun da dokar 2019 kan harkokin ibada ta ƙara wa takardu muhimmanci.

Amma katangar gaske ita ce zaman lafiya da unguwa. Lasifika ta kalli ciki, ba titi ba. Bitar mawaƙa ta tsaya in an kira Magariba a masallacin kusa. In za a yi kwanan addu'a, ko bikin Kirsimeti da zai kai dare, dattawa biyu su je wurin mai unguwa kwana uku kafin nan, su kuma leƙa gidajen da ke manne da katanga. A je barka da Sallah, a je gaisuwar mutuwa da suna, ranar Kirsimeti a aika da kwanon abinci.

Bayan an watse, mai kula da wuta ya kashe komai, ya zare waya daga bango saboda tsawa a damina, ya naɗe igiyoyi, ya rufe kayan sauti da zane. A wanke kofunan Jibi da ruwan zafi da sabulu, a kife su su bushe. Makulli biyu ne, guda wurin fasto, guda wurin dattijon da ya fi kusa. Magatakarda kuwa kafin ya hau babur ya rubuta abu huɗu a kayensa: lokacin da aka fara, lokacin da aka tashi, yawan manya da yara, da sunayen waɗanda ba a gani ba, don da su za a buɗe zaman Litinin.